Mai Bi da Littafi a Hannu: Yadda Nazarin Tauhidi da Sanin Addinin Maƙwabci Ke Ƙarfafa Bangaskiya

Nassin karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34, 1 Bitrus 3:13-17
Ayar haddacewa: 1 Bitrus 3:15
Manufar darasi: Iyalin Kirista su gane cewa bangaskiyar da aka yi nazarinta, aka kuma auna ta da tambayoyin maƙwabta, ita ce takan tsaya ranar gwaji.

Gabatarwa

Akwai wani tsoro da ya daɗe a gidajen masu bi da yawa. Idan yaro ya ce zai karanta ilimin addinai a jami'a, ko aka ga littafin da ke bayanin Musulunci ko addinin gargajiya a ɗakinsa, sai hankalin iyaye ya tashi. Wasu kan ce karatu mai zurfi yana sanyaya zuciya, wai wanda ya shiga makarantar tauhidi da wuta yakan fito da toka. Tsoron nan yana da dalili, gama an ga waɗanda ilimi ya sa musu girman kai har suka raina addu'a. Amma akwai wata hasarar da ba a cika lissafa ta ba, wato 'ya'yan masu bi da suka ja da baya domin an yi musu tambaya sun rasa amsa, suka komo gida, gidan ma babu amsa.

A birni irin Minna wannan magana ta kowace rana ce. Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo suna zaune unguwa ɗaya. Kirista da Musulmi suna ciniki rumfa kusa da rumfa a kasuwar Kure, 'ya'yansu kuma suna kwana ɗaki ɗaya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ko a Bosso ko a Gidan Kwano. Duk inda mutane suka yi irin wannan zama, dole hira ta kai ga addini. Yaron Kirista zai ji tambaya, ko iyayensa sun so ko ba su so ba. Abin da ya rage shi ne ko zai ji ta a shirye.

Bayin Allah da suka yi karatu

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye karatun bayin Allah ba. Istifanas ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Daniyel da abokansa uku sun yi shekara uku ana koya musu harshen Kaldiyawa da littattafansu a Babila, littattafan da ke cike da al'amuran gumaka da duban taurari. Sun karanta, sun fi sauran ɗalibai ganewa, duk da haka suka ƙi ƙazantar da kansu da abincin sarki (Daniyel 1). Sanin abin da Babila ta gaskata bai mai da su Babilawa ba. An kuma yabi Ezra domin ya sa zuciyarsa ga yin nazarin Shari'a, da aikata ta, da koyar da ita (Ezra 7:10). A lura da jerin: nazari, sa'an nan aiki, sa'an nan koyarwa.

Misali mafi girma shi ne na Bulus a Atina. Kafin ya buɗe baki a Tudun Arasa, ya zaga birnin yana duban abubuwan da mutanen suke yi wa sujada, har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagade da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba. Da ya tashi magana, daga wannan bagade ya fara. Ya kuma kawo maganar mawaƙansu na Helenanci domin ya nuna musu cewa mutum daga wurin Allah yake. Wanda bai karanta littattafansu ba ba zai iya yin haka ba. Amma Bulus bai tsaya a inda suka yarda da juna ba. Ya kai su ga tuba, da ranar shari'a, da tashin Yesu daga matattu, ko da yake a nan ne wasu suka yi masa ba'a. Sanin addininsu ya ba shi ƙofar shiga, sanin bishara kuma ya ba shi abin da zai shiga da shi.

Bitrus ya ɗora wannan nauyi a kan kowane mai bi. Ya umarta a zauna a shirye domin amsa wa duk wanda ya tambayi dalilin begen da mai bi yake da shi, a kuma yi haka da tawali'u da bangirma. Shiri kuwa ba ya samuwa ranar tambaya.

Darasi daga ƙasar Nufe

Tarihin bishara a ƙasar da yau ake kira Jihar Neja yana da babban malami a wannan fanni, wato Bishop Samuel Ajayi Crowther. Bayerabe ne da aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi aka kai shi Saliyo, ya zama ɗalibin farko na Kwalejin Fourah Bay a 1827.

Sa'ad da yake matashin malamin makaranta a Saliyo, ya ga laya a wuyan wani yaro ɗan Musulmi, sai ya yanke ta. Mahaifin yaron ya zo cikin fushi, maganar ta kai ga shirya muhawara da dattawan Musulmi. Crowther ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani, ya shirya hujjojinsa tsaf. Dattawan suka tsaya a kan cewa Allah ba shi da ɗa, ba su gusa daga nan ba. Aka watse ba wanda ya saurari wani. Daga wannan ya koyi cewa cin gardama dabam yake da samun kunnen mutum.

A 1857 jirgin ruwan da yake ciki, mai suna Dayspring, ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Hatsarin ya tsai da shi watanni masu yawa a bakin Kwara, ya zauna har a Rabba, yana koyon Nufanci, yana lura da al'adun mutane da ibadarsu. A 1864, shekarar da aka keɓe shi bishop a Ingila, aka buga littafinsa na nahawun Nufanci da kalmominsa. Ya riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida cikin girmamawa, amincin da ya ƙulla da fadar kuma ya daɗe. A shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana neman ya taimaka a hana shigo da barasar Turawa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ya kai kukansa ga bishop domin ya san shi mutum ne mai gaskiya da ya san su.

A 1872 kuma, a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Da aka tambaye shi ko Yesu Ɗan Allah ne, bai shiga gardama ba. Ya buɗe Luka sura ta 1, ya karanta saƙon da Mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, domin ya san Musulmi suna girmama Jibra'ilu, sun kuma yarda cewa budurwa ce ta haifi Almasihu. Da aka tambaye shi game da dawowar Yesu, ya amsa daga Nassi. Da aka nemi addu'a domin sarki, ya nuna cewa Kirista yana yi wa mai mulkin ƙasar da yake zaune a ciki addu'a. Bai rage kome daga bangaskiyarsa ba, aka kuwa saurare shi har ƙarshe. Tsakanin saurayin da ya yanke laya da dattijon da ya tsaya a fadar Ilori akwai shekaru masu yawa na karatu da sauraro. Shekarun nan sun ƙara masa tabbaci ga ikon Maganar Allah, har ya bar ta ta yi magana da kanta.

Maƙwabta ma suna karatu

Ya kamata iyalin Kirista a Minna su san irin birnin da suke zaune a ciki. A nan ne hedkwatar Islamic Education Trust take, cibiyar da Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suna cikin waɗanda suka kafa ta a 1969. Sashenta na da'awa ya daɗe yana horar da matasan Musulmi a kan yadda za su bayyana addininsu, su kuma amsa tambayoyin waɗanda ba Musulmi ba. Hajiya Aisha Lemu, wadda ta rasu a 2019, 'yar Ingila ce da ta tashi a cocin Angilika. Tun tana yarinya ta fara yi wa addinin da ta tashi a ciki tambayoyi, ta yi ta bincike, daga baya ta karɓi Musulunci a 1961 tana ɗaliba a Landan. Sheikh Lemu ya rasu a 2020. Dukansu biyu sun bar littattafai da ɗalibai masu yawa.

Babu abin jin haushi a nan. Mutanen nan sun ɗauki addininsu da muhimmanci, suka zuba dukiya da shekaru wajen koyar da shi. Abin lura ga masu bi shi ne, sau da yawa ɗan Kirista yakan haɗu da abokin da ya karanta ayoyin Littafi Mai Tsarki a kan Triniti da Mai Taimako fiye da yadda shi ya karanta su. Rashin sani ya fi dare duhu. Maganinsa kuwa fitila ce, ba rufe taga ba.

Tambayoyi uku da nazari yake haskakawa

Ta farko: Allah uku ne Kirista suke bauta wa? Mai bi da ya karanta tarihin Ikkilisiya zai tarar cewa tambayar ta girmi Musulunci da ɗaruruwan shekaru, kuma 'yan Afirka suna cikin waɗanda suka fi yin aiki a kanta. Tertuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, shi ne ya fara amfani da kalmar Triniti a Latin. Atanasiyus na Iskandariya a Masar ya ƙare rayuwarsa yana kāre abin da Majalisar Nikiya ta tabbatar a shekara ta 325, majalisar da aka yi bikin cikarta shekara 1700 a 2025. Shaidar bangaskiyar Nikiya da kadaita Allah ta fara. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya ne, sunan Ɗa kuwa ba ya nufin aure ko haihuwa irin ta jiki. Musulmin da ya ƙi cewa Allah ya yi aure ya haihu ya ƙi abin da Kirista ma ya ƙi. Bambancin gaskiya yana wani wuri: ko Kalmar Allah madawwamiya ta zama mutum, ta zauna a cikin mutane (Yahaya 1:1-14). Mai bi da ya gane wannan yakan daina kāre abin da bai taɓa gaskatawa ba, ya fara yin sujada da fahimta.

Ta biyu: an canza Littafi Mai Tsarki? A nan ilimin tsofaffin rubuce-rubuce yana da amfani ƙwarai. Kwafin da ake kira Codex Sinaiticus, wanda ke ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya da Helenanci, an rubuta shi a ƙarni na 4, yawancinsa kuma yana ajiye a Landan. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, ga kuma sura ta 53 a cikinsa. Wannan ilimi yana kuma koyar da faɗin gaskiya. Ƙarshen Markus (16:9-20) da labarin matar da aka kama da zina (Yahaya 7:53-8:11) ba sa cikin kwafe-kwafe mafi tsufa, fassarori da yawa ma sun rubuta hakan a ƙasan shafi. Masanan Kirista ne da kansu suka gano wannan, suka kuma buga shi a fili, babu kuwa wani ginshiƙin koyarwar bangaskiya da ya dogara ga waɗannan wurare kaɗai. Gara yaro ya ji wannan daga bakin fastonsa ko mahaifinsa, da ya fara jinsa daga wanda zai ce masa an ɓoye masa gaskiya.

Ta uku: me ya raba bishara da sauran addinai? Sai an ajiye abu biyu kusa da juna akan ga bambancinsu. Wanda ya karanta abin da Musulunci yake koyarwa a kan Annabi Isa zai ga girmamawa mai yawa, da haihuwa daga budurwa, da mu'ujizai, zai kuma ga cewa ba a yarda an gicciye shi ba. Daga nan zai fahimci abin da ya sa Bulus ya sa mutuwar Almasihu domin zunubai da tashinsa a gaba da kome (1 Korantiyawa 15:3-4). Mai bi da ya saba jin kalmar alheri tun yana yaro, har ta zama masa kamar ruwan randa, yakan sāke jin daɗinta idan ya auna ta da wata koyarwa a kan yadda mutum zai tsaya a gaban Allah.

Addinin kakanni

Nazarin addinin gargajiya ma yana da nasa amfani. Masu fassara Littafi Mai Tsarki sai da suka zauna da dattawa suka binciki abin da mutane suke nufi da sunan Mahalicci kafin su rubuta shi. Shi ya sa mai bi Banufe yake kiran Soko, Gbagyi kuma Shekwoi, kamar yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun bugun 1932, yake cewa Allah.

Dokta Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936, ya tashi a gidan da ke riƙe da tsafin Jaba, ya ba da gaskiya yana yaro a makarantar mishan. Ya yi karatu a Igbaja, da Landan, da Dallas ta Amurka, inda ya sami digirin dokta a tauhidi. A cikin bincikensa ya koma ga addinin mutanensa, ya nuna cewa sun san akwai Maɗaukaki da suke kira Nom, suna kuma marmarin a kuɓutar da su daga tsoron ruhohi, amma hanyar sulhu da shi sai a cikin Almasihu. Ya gargaɗi Ikkilisiyar Afirka cewa yawan jama'a ba tare da zurfin tauhidi ba ciwo ne, ya kuma yi ta kira a kafa makarantun tauhidi masu zurfi. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Irin wannan nazari ne yake taimakon fasto ya gane dalilin da mai bi zai yi waƙa ranar Lahadi, ran Talata kuma ya nufi gidan boka idan ɗansa ya kwanta ciwo.

A zamanin nan kuma akwai misalin Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi digiri a kan Musulunci a Jami'ar Birmingham, ya zama Bishop na Kaduna a 1998, ya kuma riƙe muƙamin babban sakataren cocin Angilika ta duniya daga 2015 zuwa 2022. A Kaduna ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Kirista da Musulmi, bayan ya ga abin da jahiltar juna ta jawo wa wannan birni.

Gargaɗi

Wuƙa mai kaifi tana yanka nama, tana kuma yanka mai riƙe da ita. Bulus ya yi kashedi cewa ilimi yakan kumbura mutum, ƙauna ce take ginawa (1 Korantiyawa 8:1), ya kuma gargaɗi Kolosiyawa kada a kama su da hikimar banza (Kolosiyawa 2:8). Saboda haka akwai ƙa'idodi. Mai bi ya fara sanin nasa kafin ya shiga na wani, gama wanda bai san hanyar gidansu ba bai isa ya yi wa baƙo jagora ba. Ya yi karatu a ƙarƙashin malami mai tsoron Allah, yana cikin zumuntar ikkilisiya, kamar yadda Bilkisu da Akila suka ja Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, ko da yake shi masani ne (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Kada karatu ya ci lokacin addu'a. Ya kuma faɗi gaskiya a kan addinin maƙwabcinsa, ya bayyana shi yadda mai shi zai ji ya ce haka ne, domin dokar da ta hana shaidar zur ba ta ware wanda ba Kirista ba. Ilimin da ya zama abin zagi ko ba'a ya riga ya saɓa wa tawali'u da bangirman da Bitrus ya umarta.

Abin da iyali za su yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A lokacin addu'ar iyali, iyaye su ba yara damar kawo tambayoyin da suka ji a makaranta, kada a tsawata wa yaro domin ya yi tambaya mai wuya. Idan uba ko uwa ba su da amsa, su kai maganar wurin fasto tare da yaron, domin ya ga cewa neman sani ba abin kunya ba ne. A koya wa yara Shaidar Bangaskiya ta Manzanni tare da ma'anar kowane sashe. Kowane gida ya yi ƙoƙarin mallakar littafi ɗaya na bayanin Littafi Mai Tsarki da ɗaya na tarihin Ikkilisiya.

Ikkilisiya kuma ta shirya darussa na musamman ga matasan da za su tafi manyan makarantu. Zumuntar mata da ta maza su ɗauki nauyin ɗalibi a makarantar tauhidi, ko a Tungan Magajiya a nan Jihar Neja, ko Kagoro, ko Bukuru, ko Jos. Idan kuma Allah ya ba wani yaro kaifin hankali da sha'awar wannan karatu, iyaye su sa masa albarka kamar yadda za su sa wa mai son zama likita. Yesu ya ce a ƙaunaci Allah da dukan zuciya, da dukan rai, da dukan hankali, da dukan ƙarfi (Markus 12:30). Hankali yana cikin lissafin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me Bulus ya yi a Atina kafin ya fara wa'azi, me kuma ya ƙi ragewa daga saƙonsa?
2. Mene ne bambanci tsakanin halin Crowther a Saliyo da halinsa a fadar Ilori?
3. Wace tambaya ce a kan bangaskiya ta fi damun yaran wannan gida, wa kuma zai taimaka a amsa ta?
4. Ta yaya mai bi zai gane cewa ilimi ya fara kumbura shi?

Abubuwan addu'a

A gode wa Allah domin waɗanda suka sha wahalar koyon harsuna har Maganarsa ta iso ƙasar nan. A yi addu'a domin malamai da ɗaliban makarantun tauhidi, domin 'ya'yan masu bi da ke manyan makarantun Minna da kewaye, da kuma domin zaman lafiya da maƙwabta Musulmi da masu bin addinin gargajiya. A roƙi Ubangiji ya ba kowane gida amsa mai daɗin ji da zuciya mai tawali'u, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.